Geron da Muka Ɓoye a Ƙarƙashin Turke

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Rubuta yadda yake fitowa daga bakina, 'yata, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗin karatu. Idan kin ji na yi shiru ki jira ni, kuka ne, zai wuce. Tun da Malam babanku ya rasu hawaye ba ya yi mini wuya, na kuma daina jin kunyarsa.

Abin da ya sa na aika ki zo, kwanakin nan kunnena ba ya hutawa. Duk wanda ya shigo gaishe ni, kafin ya gama tambayar ciwon ƙafata sai ya ciro waya ya fara. An ce kuɗi zai mutu ya zama takarda. An ce wanda ya ajiye nasa a banki ba zai sake ganinsa ba. An ce gwamnati ta san abin da ke tafe, shi ya sa take ta sayen manyan motoci tana ɗibar sababbin ma'aikata masu kaki, tana jiran ranar da yunwa za ta fito da mutane kan titi. Ban sani ba ko gaskiya ne, ni da ko ƙofar gida ba na kaiwa sai da sanda. Amma maganar ba baƙuwata ba ce, na taɓa jin ta ina da ƙuruciya, kusan kalma da kalma. Shekaranjiya kuma na ji ƙaninki, wanda gonar gidan nan take hannunsa yanzu, yana tsaye a zaure yana gaya wa 'yar Larai gwaggonku cewa babu ko ƙwaya a gidan, alhali da idona na ga buhunan da ya jera a ɗakin baya ya garƙama musu kwaɗo. Tun daga lokacin abinci bai wuce mini maƙogwaro da daɗi ba. Shi ba ya zama ya saurare ni, kullum yana sauri. Amma yana karanta takarda. To ki rubuta.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, ƙasarmu ba ta da daji, kamar yadda ba ta da shi yanzu. Gona tana jingine da gona tun daga bayan dangarmu har inda ido ya ƙare, iyakar kawai layin gamba ne, ko wata kuka da kowa ya san ta wane ce. Mutum ya yi atishawa a gonarsa, maƙwabci ne zai yi masa addu'a daga tasa. Ba a hutar da ƙasa a nan, don babu inda za a koma, saboda haka taki shi ne ƙarfin gona. Kowane gida da turkensa a tsakar gida, awaki da tumaki da jaki a ɗaure, ana zuba musu harawa, mu kuma mata duk sharar da muka yi da tokar murhu can muke juyewa a ƙarƙashinsu. Tudun takin nan yana ta girma tun daga kaka har bazara, sannan a kwashe shi a mangala, jaki ya yi ta kai shi gona ana saukewa tsibi-tsibi. Ba buhun takin zamani ɗin nan da kuke bin layi a kansa ba. Da asuba kuwa ba agogo ke tashin mutum ba, daka ce. Gidan gabas su fara, na yamma su amsa, kafin rana ta fito duk ƙauyen ya ɗauki lugude, har za ki iya gane taɓaryar kowace mata, wannan mai nauyin hannu ce, waccan tana fushi da mijinta. Yanzu inji guda ke kururuwa a bakin kasuwa, ba ya gaya wa mutum komai game da kowa.

Muna da gero namu na gida. Ban tarar da kakanku namiji ba, amma geron nasa ne. Doguwar zangarniya gare shi, da gashi tsaye kamar ƙaya, tsuntsu ya zo sauka sai ya soke shi a ido ya tashi ya koma gonar maƙwabci. Yana kuma nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke da sauri sai ya kai. Mutane sun sha karɓa su shuka, amma da yake ba sa zaɓe, shekara biyu sai ya gauraye ya koma kamar na kowa. A gidanmu kuwa, kafin a sa wuƙa a gona, Malam yakan bi kunya-kunya shi kaɗai yana yanke zangarniyar da ta fi cika da gashi, ya ɗaure ta daban. Wannan shi ne iri. Ba ya shiga rumbu. Inna, wato kakarku, uwar Malam, ita ke karɓarsa ta rataye a rufin ɗakin girkinta, inda hayaƙi ke bugunsa safe da yamma, ƙwaro ba ya kusantarsa. Ranar da na fara shiga ɗakin ina amarya na miƙa hannu zan taɓa, sai ta buge mini hannu da muciya. Ta ce, “Wannan ba a taɓa shi, ba a kuma sussukarsa da rani. Sai hadari ya haɗu a gabas an ji ƙamshin ƙasa, ranar ake sauke shi.” Bayan gidanmu, mutum ɗaya ce take riƙe da geron nan tsantsa a duniya, ita ce Larai ƙanwar Malam, wadda take aure a wani ƙauye tafiyar rabin yini daga nan. Tana da 'yar gayauna a bayan ɗakinta, tana zaɓe kamar yadda ta ga ubanta yana yi.

Sai shekarun wuya suka zo. Damina biyu a jere ruwa ya yi rowa. Ke kina goye a lokacin. Gidaje da yawa abin da suka girbe bai kai su tsakiyar rani ba, mu kuwa albarkacin geron nan rumbunmu ya kusa cika. Kaya suka fara ɓacewa daga kasuwa ɗaya bayan ɗaya, yau babu sabulu, gobe babu kananzir, har muka koma wanki da toka. Daga nan manyan motoci suka fara wucewa a kan hanyar Ɗambatta, a rufe ruf da tamfol, ba sa tsayawa, ba sa ɗaukar kowa. Ba mu ganinsu daga cikin gida, sai dai rurinsu, tun daga nesa za ki ji ƙasa tana amsawa, masu daka su tsai da taɓarya a sama har su wuce. Babu wanda ya san abin da ke ciki. Wani ya ce hatsi ne ake tarawa a bariki, wani ya ce bindigogi ne.

Akwai wani maƙwabcinmu mai fataucin awaki, yana kai su birni, ana ce masa Na-Birni. Duk ranar da ya dawo, bayan la'asar maza sukan taru a zaurenmu, ni kuma ina jinsu ta bayan zana ina tankaɗe. Wata rana na ji yana cewa, “Malam, da idona na gani. Masu kaki suka fasa ƙofar kanti, aka fito da shinkafa buhu-buhu, mai kantin yana durƙushe a rana da rawaninsa. An ce birni an gama, ƙauye za a shigo. Kuɗi ya mutu, hatsi ne kuɗi yanzu, gwamnati kuwa ba za ta bar shi a hannun talaka ba. Rumbu-rumbu za su bi. Wanda aka samu da fiye da abincin wata guda, a kwashe, a kuma tafi da shi.”

Wani tsoho ya ce, “Kai Na-Birni, bara ma da idon naka ka ga akuya mai kai biyu.”

“Ita ma na gan ta!”

“Ka sayo mana ita mana, mu ga ta wane bakin take cin dusa.”

Aka yi dariya. Na kasa kunne ban ji dariyar Malam a ciki ba. Bayan kwana kaɗan sai ga wasu mutum biyu da wando da riga, suna bin gida-gida suna rubuta lamba da alli a ƙofar kowane zaure. Ba su tambayi kowa komai ba, ba su sha ruwan kowa ba. Har yau ban san lambar mece ce ba, ƙila ta allurar rigakafi ce, ƙila ta rijiya. Amma daga ranar babu wanda ya ƙara yi wa Na-Birni dariya. Aka kuma fara cewa duk wanda ya tona asirin mai ɓoye hatsi za a ba shi kaso. Kin ga daga nan gaisuwa ta gajarce. Matar da muke hira da ita ta kan danga tun ina amarya, sai ta koma tambayata me muka dafa, ni kuma in ce mata tafasa.

Da safe ne Malam ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya gaya mata abin da ya yanke. Wani ya ba shi labari cewa can gabas mai nisa a rami suke ajiye hatsi, ya shekara lafiya. Zai tona rami, a sussuke duk abin da ke rumbu a zuba.

Inna ta ce, “Can ƙasarsu ce, sun san halinta. Kai ka taɓa gani an yi a nan?”

“Inna, an taɓa ganin lamba a ƙofar zaure a nan?”

Ta ce, “To ka binne na ci in ka ga dama. Iri dai ka bar mini shi a hayaƙi.”

“In suka shigo, sama za su fara dubawa. An ce har iri suke kwashewa.”

“'Yan dammunan nan ne za su ciyar da bariki?”

Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri.” Bai taɓa tsallake maganarta ba sai ranar. Kada ki rubuta shi a mugu, 'yata. Mutum ne mai tsoron Allah, yana kallonki a bayana yana kallon uwarsa, barci ya ƙaurace masa.

Ni na yi sussukar. Kwana da kwanaki ina yi kaɗan-kaɗan, sai lokacin da sauran mata suke daka, don kada a ji turminmu ya yi yawa. Ƙaiƙayin ma ba na zubarwa waje, tarawa nake a ɗaki. Da na gama na ci sai aka zo kan iri. Malam da kansa ya taka turmi ya kwance shi daga rufin. Inna ta ɗauki tabarmarta ta koma bayan ɗaki ta juya mana baya. Gashin geron nan ya sossoke mini hannu har ya yi jini, ina sussuka ina jin kamar ina dukan wani abu mai rai.

Ranar kasuwa, da ƙauye ya yi shiru, ya kwance dabbobi ya ɗaure su a gindin darbejiya, ya ture tudun taki gefe, ya tona rami a daidai turken har ya kai masa ƙirji. Da rana tsaka ya yi, don ko wani ya leƙo, mutum yana gyara turkensa ne, ba abin tambaya ba. Ya shimfiɗa zana a ciki, ya zuba ƙaiƙayi, muka jera buhuna. Irin kuwa a sabuwar tukunya na zuba shi, na rufe da faifai na shafe bakin da laka, aka sa ta a tsakiya. Ya jera itace a sama, ya mai da ƙasa, ya mai da taki, ya mai da awaki. Abin da za mu ci muka rage kaɗan a ƙarƙashin gadona. Da ya gama ya tsaya yana share gumi, ya ce, “To, in ga sojan da zai tona kashin awaki.” Ranar ya yi dariya, karo na farko cikin makonni. Ni ma na yi. A ganinmu babu wayon da ya kai wannan, don a ƙasarmu babu abin da ido ya saba da shi kamar tudun taki, kuma babu mai taɓa shi sai bazara.

Duk wanda ya tashi a nan ya san taki yana zafi daga ciki. Mun san fitsarin dabba yana nutsewa ƙasa. Yaro ma ya sani. Amma mun san shi ne a matsayin abin da ke gyara taki, ba mu taɓa ajiye wani abu a ƙarƙashinsa ba balle mu yi tunanin inda zafin yake zuwa. Da sanyin safiya nakan ga kaji sun taru sun kwanta a daidai wurin. Wata rana na cusa ƙafata cikin takin na ji ɗumi kamar tokar jiya. Na gaya wa Malam. Ya ce ƙasar da ya zuba tana da kauri. Na so in yarda, sai na yarda.

Tsakiyar rani Larai ta zo. Tun daga zaure na ji muryarta, don ita ba ta shigowa shiru. “Ina matar Yaya? A'a! Kin ga ƙiba! Ashe yunwar ba ta san hanyar gidan nan ba.”

Na ce, “Ke kuma duk kin rame amma bakinki yana nan yadda yake.”

“Shi kaɗai ya rage mini, da shi zan biya kuɗin mota.”

Muka yi dariya, ta karɓe ki ta yi miki rawa. Amma da ta sunkuya sai na ga buhu a naɗe a ƙarƙashin mayafinta. Ta gaida Inna, ta kwance ɗan ƙullin daddawa ta ajiye mata. Sai da Malam ya shigo sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Mijinta ya tafi cin rani kudu, wata uku babu saƙo. Yara uku. Dusa suke dafawa da ganye. Ta ce, “Yaya, ko rabin buhun nan ne, in kai su faɗuwar ruwa.”

Na ga fuskar Malam. Na san lissafin da yake yi. Ba a buɗe ramin sai an ture taki duka. Larai ba ta iya riƙe magana. In ta ɗauki kaya a ka ta ratsa ƙauyuka huɗu, kowa zai tambayi daga ina. Ga shi kuma wan mijinta yana cikin masu yi wa dagacinsu aike. Sai ya tashi ya ɗauko tsani ya jingina a rumbu, ya ɗaga murfin, ya ce, “Hau ki duba.”

Mace ba ta leƙa rumbu a wurinmu, ko matar gida ce. Larai ta ce, “Haba Yaya, maganarka ta isa.”

“Hau dai.”

Ta hau. Ta daɗe kanta yana ciki. Da ta sauko sai ta zauna a kan wani turmi da ke kife a bakin turke, ta ce, “Innalillahi. Yaya, ku da me kuke rayuwa? Ni na zo da buhu ashe ku ne abin tausayi.” Wani ɗan akuya ya zo yana shinshinar zanenta, tana shafa kansa. Ƙafarta tana kan takin. Tsakanin tafin ƙafarta da abincin shekara guda bai fi kamu uku ba.

Sai ta ɗaga kai ta ce, “Irin Baba dai yana nan?”

Malam ya ce, “Yana nan. Na adana shi wuri mai kyau.”

“To alhamdulillahi. Tunda iri yana nan, da sauƙi.”

Na ga Inna ta buɗe baki. Malam ya dube ta, kallo ɗaya, ba na raini ba, na roƙo. Ta rufe. Uwa ce fa, 'yarta ta cikinta. Ta shiga ɗaki ta juyo ɗan abin da aka auna mata na kwana biyu ta ƙulle wa Larai a bakin zane. Ni na raka ta har zaure. A nan mu biyu ne kawai, babu Malam, babu kowa. Ta riƙe hannuna ta ce, “Matar Yaya, ki riƙa ci ko yaya ne, kina shayarwa.” Kalma huɗu ta ishe ni in gaya mata. Na ce ta gaida yara. Wannan rubuta shi da kyau, kada ya tafi a kan babanku shi kaɗai.

Dakata mini kaɗan.

To. Rani ya wuce. Motocin suka ragu, ko kuwa mu ne muka saba da su. Allin ƙofar zaure ya goge da kansa. Na-Birni ya koma ba da labarin farashin awaki. Bazara ta yi, aka fara kai taki gona, Malam ya kwashe namu har ya kai ƙasa. Da ya ɗaga itacen farko sai wani tururi ya bugo shi, da wari mai tsami kamar na ƙullun da ya kwana uku. Buhunan sama sun yi baƙi sun dunƙule kamar tubali. Gara ta cinye zanar ta shiga ta gefe. Na tsakiya ne muka samu na ci, shi ma sai an wanke an shanya, tuwonsa yana ɗaci. Malam ya ciro tukunyar ya fasa lakar. Sai ga gero lafiya lau a ido, ƙwaya-ƙwaya, sai dai hasken nan nasa ya dushe, kuma da ɗumi a hannu. Ya ce, “Alhamdulillahi, iri ya tsira.” Inna ta ɗauki ƙwaya biyu ta sa a haƙori ta tauna. Ta daɗe tana taunawa. Ta ce, “Allah ya sa.” Ta shiga ɗaki.

Ruwa ya sauka wata la'asar, mai yawa. Washegari duk ƙauye yana gona, don ranar shuka babu mai zama a gida. Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa da ƙwarya ina jefa iri ina rufewa da diddige, ke kina bayana kina barci. Ko'ina ƙarar sungumi da kiran juna. Kwana huɗu bayan nan gonakin maƙwabta suka yi layi-layi kore. Tamu tana tsakiyarsu, ja wur, kamar an share tsakar gida. Na gaya miki a nan babu gonar da ke ɓuya. Mai gonar kudu ya tsaya a kan gamba ya ce, “Malam, ko tsuntsu ne ya tone maka?” Malam ya ce ƙila. Yana durƙushe yana tona ramin shuka da yatsa, yana ciro ƙwayar ta yi laushi ta ruɓe, ko alamar tsiro babu. Ya sake shuka da abin da ya rage a tukunya. Muka sake jiran kwana huɗu. Haka.

Rana ta biyar Inna ta ce, “Ka je wurin Larai.” Ta juyo ta ce mini, “Ki bi shi. Shi ba zai iya buɗe baki ba.”

Muka isa da azahar. Mun tarar da ita tana tsinkar tafasa, yaran suna zaune a inuwa shiru, ba irin shirun ƙoshi ba. Ta ce, “Yaya, lafiya, da damina haka?” Ya zauna yana kallon ƙasa. Can ya ce, “Iri na zo nema. Ko zangarniya goma ce.”

“Naka fa?”

Ni na faɗa, tun daga sussuka har tukunya. Tana ji ba ta katse ni ba, ita da ba ta barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da na gama ta ce, “A ƙarƙashin awakin? Inda na zauna?”

Na ce, “Nan.”

Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin girkinta, muka bi ta da ido. Igiya ce kawai take lilo. Ta ce, “Da na dawo daga gidanku na yi kwana shida ina kallon irina ban taɓa ba. Sai na ce ai na Yaya yana nan, ya adana shi wuri mai kyau, in ruwa ya sauka zan je in karɓa. Kai ka gaya mini. Zangarniya bibbiyu na riƙa saukewa ina yi musu kunu.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa wa wanta kamar yadda ake yi wa baƙo.

A kasuwa Malam ya samo wani gero muka shuka a makare. Shekarar ce ta farko da aka ji ana korar tsuntsu a gonar gidan nan, shi da kansa, da gwangwani da tsakuwa a ciki, tun safe har muryarsa ta dushe. Mun rayu, kin gani, ga mu. Larai ma ta rayu, mijinta ya dawo, ba ta yanke zumunci ba, biki da mutuwa duk tana zuwa. Amma ba ta sake ce mini matar Yaya ba. Takan gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya yara, har ta koma ga Allah. Inna ba ta bari an cire igiyar ɗakin girkinta ba. Babanku kuwa duk kaka sai ya bi kasuwanni yana juya dammunan mutane yana neman mai gashi. Yakan samu mai kama da shi ya kawo ya shuka, ya fito ba shi ba. Har shekarar da ya kwanta ciwon ajali yana tambayar masu zuwa dubiya daga nesa ko sun taɓa ganin irinsa.

Masu kakin kuwa ba su zo ba. Ko sawun takalminsu ba a gani a ƙauyen nan ba.

Ban ce wannan karon ma ba za su zo ba. Ƙila abin da ake faɗa a waya gaskiya ne, ƙila ya fi haka muni, gabana yana faɗuwa kamar na kowa idan na ji babbar mota ta wuce. Abin da na sani kawai, matar nan da ta tsaya a zaure shekaranjiya da buhu a naɗe a hammata, tana cikin yara ukun da suka sha kunun nan. Na gane buhun tun kafin ta yi magana.

Ki kai wa ƙaninki takardar yanzu, kada ki bari sai ya ci abinci. Ki tsaya har ya karanta ta ƙare. In ya tambayi ina nake, ki ce ina zaune a ƙofar ɗakin baya, ba zan tashi ba sai ya zo da mabuɗi. Ajiye alƙalamin, miƙo mini sandata, ki kama ni in tashi.